Neman shawara: aljanin da na ƙirƙiro wa yara ya fito daga gatana ya shigo mana gida

Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Ɗinki nake yi a unguwar Birni, nan Damagaram, ina zaune a gidanmu na gado tare da yayana da iyalinsa. Tun bazarar bara, duk daren da aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, zafi ya koro mu tsakar gida, nakan tara yara in yi musu gatana. Da na Gizo da Ƙoƙi na fara, waɗanda kakarmu ta bar mana, har suka ƙare mini. Sai na shiga ƙirƙiro tawa.

Na ce musu a ƙarƙashin manyan duwatsun nan na Birni akwai wani gari da ba a shigarsa sai ta bakin tulu. Mutanen garin in za su kwanta sai su tuɓe inuwarsu su rataye a ƙusa kamar riga. Randuna na gulma, kuka na zuwa kasuwa da ƙafarta ta sayar da miyarta da kanta, kuɗinsu kuwa ƙwallon goruba ne. A garin akwai wani ɗan mitsitsin aljani da na raɗa wa suna Ɗan Kutungwila. Ba ya kisa, ba ya shan jini, ɓarna ce kawai sana'arsa. Ya bi dare ya musanya inuwoyi, da safe sarki ya fito fada da inuwar jaki, jaki kuma na tafe da inuwa mai rawani. Ya rikiɗe ya zama kwarkwata ya shige rawanin alƙali ana tsakiyar shari'a. Kuma ba a taɓa kama shi ba, ko sau ɗaya.

Yara suka mace a kansa. Har na maƙwabta suna zuwa, tabarma biyu ba ta isarsu.

To ga inda gizo ke saƙar. Ɗan yayana mai shekara 8 ya fara da zuba gishiri a gwangwanin sukarin Baba. Aka yi dariya, har da ni. Makon da ya wuce kuwa, ana sallar magariba a masallacin unguwa, ya bi takalman mutane ya hautsina su, ya ɗauki ƙafa ɗaya ta wani dattijo maƙwabcinmu ya cilla kan katanga. Bawan Allahn nan idonsa ba ya gani sosai, ga shi da ciwon suga. Ya lalubi takalmi ya rasa, ya kama hanyar gida da ƙafa ɗaya a ƙasa, ya taka fasasshiyar kwalba. Yau kwana shida ana kai shi wankin ciwo. Da aka ritsa yaron, ko gezau bai yi ba, cewa ya yi: «Ba ni ba ne, Ɗan Kutungwila ne.»

Yaya ya zane shi, sannan ya juyo kaina a gaban matarsa ya ce ni na koya masa, kada ya ƙara jin sunan aljanin nan a gidan. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ina son gatanar nan har raina, ita ce abin da yaran ke rugowa wurina dominsa suna «Gwaggo, Gwaggo». Amma jinin dattijon nan na gani da idona a kan dakali. Shin in bari gaba ɗaya? Ko in kashe shi a cikin labarin? Ko in sa ya tuba? Kuma ina da alhaki a wurin Allah?

Hajiya, daga Zango:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ba dattijon nan lafiya. Bari in tambaye ki tukuna: in kin gama, kina rufe gatanar? Mu da muna yara, ba a farawa sai an ce «gatanan gatananku», mu amsa, kuma ba a tashi sai an ce «ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya». Ba ado ba ne wannan. Ƙofa ce, a buɗe a shiga, a fito a ja ta. Yaro ya ji da kunnensa cewa abin da aka faɗa ƙarya ce, an bar ta can. Haka kuma ba a yi mana da rana, sai a ce wanda ya yi zai ɓace.

Amma babban abin da na gani a bayaninki shi ne wannan kalma da kika faɗa, wai ba a taɓa kama shi ba. Nan kika rabu da kakarki. Ki tuna Gizo da kyau. Gizo yana da ciki, yunwa ce ke kora shi, kwaɗayi kuma ke kayar da shi. Hankaki suka tausaya masa, kowa ya cire gashi ɗaya ya ba shi don ya bi su ɓauren tsakiyar kogi. Da ya isa sai ya hana su ci, duk wanda suka nufa ya ce nasa ne, shi ya fara gani. Suka fizge gashinsu suka tashi suka bar shi, ya faɗa ruwa. Ranar da ya addabi gonar mutane da sata, aka kafa masa ƴar danƙo, ya yi sallama ba ta amsa ba, ya kai hannu ya liƙe, ya kai ƙafa ta liƙe, gari ya waye mai gona ya same shi a maƙale. Ga tsamin baki, da ya buɗe baki yara sun fashe da dariya. Ga Ƙoƙi a gida tana ganin tsiyarsa. Shi ya sa muna son Gizo, amma ban taɓa jin yaron da ya ce in ya girma Gizo zai zama ba.

Naki kuwa kin ba shi tsafi, ba ki ba shi ciki ba, ba ki ba shi kunya ba, ba shi da wanda zai koma gida ya tarar. Wane yaro ne ba zai so zama shi ba? Kada ki kashe shi. Ki nemo masa ƴar danƙonsa.

Wani malamin makarantar allo:

Ƴar uwa, tun kafin zancen gatana akwai haƙƙin maƙwabci. Ki sa uban yaron ya kama hannunsa, ku je ku duba dattijon, yaron ya nemi gafara da bakinsa, ku kuma ku ɗauki abin da za ku iya na kuɗin magani. Yaro bai balaga ba, ba a rubuta masa zunubi, ke ma ba ki nufi cutar da kowa ba. Amma ciwo dai an ji.

Game da ƙirƙirar labari, akwai hadisi mai tsoratarwa a kan wanda ke ƙarya don ya ba mutane dariya. Sai dai malamai da yawa sun bambanta wannan da misalin da mai faɗa da mai ji duk sun san shiri ne don a koyi wani abu. Abin da ni ban so ba shi ne kalmar aljani. Aljanu halittar Allah ce ta gaskiya, daga wuta aka yi su, sura ta 72 a Alƙur'ani sunansu take ɗauke da shi. Ba abin wasan yara ba ne, kuma yaro zai iya tashi yana jin duk abin da ya ɓace a gida aljani ne ya ɗauka. Ki mai da shi wata halitta daban, ko ƙadangare ko buzuzu, ya ci gaba da rikiɗarsa. Kuma ki nisanci sunayen da masu bori ke kira.

Wani magidanci, Sabon Gari:

Ni dai gaskiya ina bayan yayanki. Gidansa ne, ɗansa ne. Ya ce a bari, a bari. Yau takalmi ne, gobe wa ya san mene ne? Ki koya musu ƙissoshin annabawa, sun ishe su.

Tsohon mushen lakwal:

Maigida na Sabon Gari, biyayya ga babba daidai ne, ba na ja da kai a nan. Amma na daɗe ina riƙe da aji, yaro mai shekara 8 ya san bambancin labari da gaskiya sarai. Yaron nan bai ɗauka aljani ya shige shi ba. Ya samu garkuwa ce ya ɓuya a bayanta, kuma ranar gishirin Baba da manya suka yi dariya, ranar ya gane garkuwar tana aiki. Ƙanwata, ki yi haƙuri da wannan maganar, ke kika faɗa da kanki.

Mu ƴan Damagaram ai mun fi kowa sanin yadda ake ba shaƙiyanci fili. Dubi wasan kara: samari su yi shigar sarki da gwamna da manyan soja, a ƙera kayan aiki da karan hatsi, a kwaikwayi tafiyar manya da maganarsu, su kansu manyan suna kallo suna dariya. Amma yana da ranarsa, yana da filinsa, in an watse kowa ya ajiye karansa. Haka za ki yi. Ki ce wa yaran mutanen garin sun gaji, sun kai kuka fada, ana neman wanda zai shirya tarko. Ki bar su su kawo dabara, shi wannan yaron ki naɗa shi sarkin dogarai. Za ki ga ƙwaƙwalwar da ta hautsina takalma ta koma farautar mai hautsinawa.

Sannan tunda garin naki a ƙarƙashin Birni yake, ki riƙa saƙa musu abin da ke samansa. Ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye gari da ita, da fada, da zamanin da nan ne babban birnin ƙasa kafin a mayar Yamai a 1926. Da yawan yaran da na koyar ba su san wannan ba.

Wata ɗaliba daga Mirya:

Anti, ni inuwar nan ce ta tsaya mini a rai, wallahi ban taɓa jin irinta ba. Shi Ɗan Kutungwila ina tasa inuwar? Ai shi ma dole ya rataye ta in zai kwanta. To wata rana ya farka ya tarar babu, ya yi ta yawo tsirara ba inuwa, kowa na nuna shi. Don Allah kada ki bari.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, amsar tambayarki ita ce a'a. Tun da na fara nawa na daina cewa ƙurunƙus, sai dai in ce «sai gobe», don su ƙagara. Mushe, maganar dariyar nan ta yi mini zafi, amma gaskiya ce.

Jiya bayan la'asar mun je, ni da Yaya da yaron. Dattijon ya ce a kwance ƙyallen ƙafarsa don yaron ya gani. Da yaron ya gani sai ya fashe da kuka, kukan da ko ranar bulala bai yi irinsa ba. Dattijon ya dafa kansa ya ce ya yafe. Yaya ya ɗora wa yaron kai jarkar ruwa ɗaya gidan dattijon kowace safiya har ƙafar ta warke, kun dai san yadda ruwa yake a garin nan. Yau ya kai ta farko kafin ya tafi lakwal.

Yaya bai janye maganarsa ba, ni ma ban tayar ba. Na gaya wa Baba, ya ce in ba shi mako guda zai yi masa magana. Kafin nan ina kan keke ina ɗinki ina shirya ta gaba a zuciyata. Na mai da shi buzuzu kamar yadda Malam ya ce. Zai sace inuwar wata tsohuwa, ashe da ita take lulluɓe jikanta da tsakar rana a bakin kasuwa, jaririn ya kwana yana zazzaɓi, shi kuma yana laɓe bayan randa yana jin kukan. Daga nan sai shawarar ƙanwata ta Mirya, tasa inuwar ta yi fushi ta sauka daga ƙusa ta tafi.

Abin da ban warware ba shi ne wanda zai kama shi. Hajiya, in tsohuwar ce da kanta, da me za ta yi danƙon, tunda shi ba ya cin abinci? Ko in fara sa masa yunwa tukuna?