Takardar amsa laifi da aka dangwala wa yatsa a tsare: yaya taku ta kaya a kotu?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ana tuhumar ƙanena da fashi, kuma babbar hujjar masu gabatar da ƙara ita ce takardar amsa laifi da ya dangwala wa yatsa bayan kwana huɗu a tsare, an rubuta ta da Turanci alhali ko firamare bai gama ba. Don Allah waɗanda suka taɓa shiga wannan hali su ba mu haske.

Wani dattijo: Wa alaikumus salam, ɗana. Na ga irin wannan a kan yarona. Ranar da ɗan sanda mai bincike ya miƙa takardar, lauyanmu ya miƙe ya ce da duka aka same ta, sai alƙali ya jingine ainihin ƙarar, ya buɗe abin da suke kira shari'a cikin shari'a, wato ƙaramin zama don gano ko da yardar yaron aka samu takardar. Yaron ya naɗe hannun rigarsa, ya nuna sawun igiya a wuyan hannayensa biyu, muka haɗa da takardar asibiti. Wata bakwai muka yi ana ɗage zama kafin a yi watsi da takardar amsa laifin, kuma duk tsawon lokacin yana gidan yari.

Wata lauya: Allah ya kawo mafita. Ku bambance abu biyu. Idan ya ce tilasta shi aka yi, sashe na 29 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya ɗora wa masu ƙara nauyin tabbatar da cewa da yardarsa ya yi magana. Idan kuwa cewa ya yi bai taɓa furta kalaman ba, kotu kan karɓi takardar, ta auna ƙarfinta daga baya. Na taɓa karɓar shari'ar da lauyan farko ya yi shiru a lokacin miƙa takardar, kuma gyaran ya ba ni wuya ƙwarai. Tunda da Hausa ya yi bayani, ku nace a kira tafintan ya ba da shaida, sannan ku nemi kwafin dukkan hujjojin tun kafin a fara sauraro.

Wata baiwar Allah: A shari'ar maigidana saƙonnin WhatsApp aka bugo a takarda. Lauyanmu ya ce babu takardar tabbatar da ingancin hujjar da aka ciro daga waya ko kwamfuta, wadda sashe na 84 na Dokar Shaida ya tanada, muka yi murna, sai masu ƙara suka janye su, suka dawo da su tare da takardar bayan wata biyu, kotu ta karɓa.

Mai tambaya: Na gode, Baba, na gode Barista. Gobe zan je gidan yari in tambaye shi wanda ya yi masa tafinta.