Mutum arba'in da inuwar itace

Amarya mai jiran rana:

Saura wata uku. Ni da angon mun zauna mun tsara ƙaramin biki wanda ba zai bar ɓarna a bayansa ba, amma har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Ga tsarin a waƙe. Mai amsawa ya riƙe min amsa-amon "wa".

Da sunan Ilahu na ɗau alƙalami,
Batun aurena nake son faɗawa.

Mutum 40 muka sa a takarda,
Muka ja layi, ba batun ƙarawa.

Da rana za a yi, gindin itace,
Fitila ba ma buƙatar kunnawa.

Faranti da kofi haya za mu ɗauko,
A wanke, a mai da su bayan gamawa.

Bikin da na je bara ya tsaya min,
Na koma da safe don taya kwashewa.

Buhu tara cif na robar ruwan sha,
Da cokulan roba da an ka tattakewa.

Abinci tudu guda bayan ɗaki,
Ƙuda sun rufe shi, yana ta ruɓewa.

Na ce ni dai ranar farin cikina
Kada ta bar juji abin ƙonawa.

Iyaye da yayye, ku duba tsarin,
Ina ne gyara, ina ne ragewa?

Gwaggo:

Ɗiyata, faranti da rana na yarda,
Batun 40 ɗin nan nake dubawa.

Jama'a rahama ce, haka muka taso,
Zumunta a ƙafa take, ba mantawa.

Akwai wadda ta goya ki kina zazzaɓi,
Ta kwana a zaune har wayewa.

Idan sunanta bai hau takardar ba,
Da wane ido za ki je gaisawa?

Shara dai tsintsiya ke maganinta,
Tabon zuciya ke wuyar gogewa.

Kawu mai lissafi:

Yaya, a yi min afuwa in shiga tsakaninku. "Wa" ta yi min wuya da lambobi, na koma "ba".

Yaya, maganarki na da nauyi,
Amma yarinyar ba ta yi kuskure ba.

Kowane suna guda a takarda
Ba kujera da faranti kaɗai ba ne ba.

Akwai mota da mai, wani ma jirgi,
Hayaƙin hanya bai tsaya a titi ba.

In baƙi na nesa ne, zuwa da komawa
Shi ne babban kaso, ba adon wurin ba.

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024
Ya ƙirga 2022, bai ɓoye ba:

Tan biliyan 1.05 na abinci
Ya tafi bola, bai shiga cikin kowa ba.

Kusan kashi 19 cikin 100 ke nan
Na abin da ya iso ga masu ci, ba a ci ba.

In ya ruɓe a binne inda ba iska,
Metan yake fitarwa, ba tururi ba,

Iskar da ke tare zafi a sama,
Ɗumamar da muke kuka ba ta rasa hannunta ba.

Robar da duniya ta taɓa zubarwa,
Wadda aka sake narkawa ba ta kai ushiri ba.

Saura na binne, ko an ƙona,
Ko na yawo a teku, ba ta narke ba.

Don haka rage kai shi ne tushe,
Sauran dabarun ba su kama ƙafarsa ba.

Uwar tukwane:

Amarya, shekara 15 ina girkin taro,
Tsoron "bai isa ba" ke jawo zubarwa.

Kira kowa ki ji daga bakinsa,
Adadin da ya amsa shi ake dafawa.

A zuba kaɗan da ƙaramin ludayi,
Mai son ƙari ya taso, ba hanawa.

Na sha ganin faranti ya dawo cike,
Loma uku kacal aka taɓawa.

Abin da ya rage a tukunya da tsabta,
A rufe shi nan take, a fita rabawa.

Kada ya kwana yana jiran shawara,
Kafin safiya zai soma lalacewa.

Ɓawo da ganye a haƙa musu rami,
Wata 'yan kaɗan taki suke komawa.

Ruwa a babban mazubi mai famfo,
Kowa da kofinsa yana tarawa.

Yaya mai lambu:

Ƙanwata, furen wardi na kanti,
Da yawansa daga nesa ake kawowa.

Gonakin tafkin Naibasha a Kenya,
Da na Kolombiya, can ake yankewa.

Daga ɗakin sanyi zuwa jirgin sama,
Wani ta kasuwar Holan yake ratsawa.

Duk wannan doguwar hanya da ya sha,
Kwana kaɗan a tebur sai bushewa.

Koren soson nan da ake soka fure a ciki,
Roba ne, ba ya ruɓa, sai marmashewa.

Balan-balan kuma in an sake ta sama,
Ƙasa ko ruwa take faɗowa,

Tsuntsu ya ɗauka abin ci ya samu,
Kunkurun teku ma yana haɗiyewa.

Ki bar min ado, ina da tukwanen shuka,
Tun yau zan soma yi musu ban ruwa.

Mu jera su layi a gefen kujeru,
Kowa ya ɗau ɗaya lokacin tashiwa.

Gwaggo:

Duk na ji ku, kuma kun yi ilimi. Amma ba wanda ya amsa tambayata.

Kun ƙirga tan, kun ƙirga faranti,
Matar da na ce ba a ƙirgawa.

Amarya mai jiran rana:

Gwaggo, daren jiya ban yi barci ba,
Baitinki guda nake ta juyawa.

Na ɗauko takardar na bi ta da yatsa,
Na ga sunayen da kunya ta sa na sawa:

Abokan aikin da ban san gidansu ba,
Da wanda sai a waya muke haɗuwa.

Na cire bakwai, hannuna na rawa,
Na sa Inna da ta goya ni a sama, ita ce farawa.

Da na bi masu haƙƙi ɗaya bayan ɗaya,
46 lissafin yake tsayawa.

Shidan da suka ƙaru ban yi nadama ba,
Ango ya gani, ya ce ba sokewa.

Rigata guda ce, ɗinki mai sauƙi,
Wadda bayan biki zan ci gaba da sawa.

Waɗanda ba su samu kujera a ranar ba,
Ƙafata ce za ta yi musu zuwa.

Ni da shi, gida gida, bayan sati,
Da tukunyar shuka muna miƙawa.

Kin ce zumunta a ƙafa take, Gwaggo,
To tawa ƙafar ce za ta yi takawa.

Gwaggo:

Madalla, ɗiyata, Allah ya yi albarka,
Inna ni zan je in yi mata sanarwa.

Ki rage hayar faranti da 24,
Nawa na cikin kwali, zan sa a fitarwa.

Guda ya ɗan ɓalle a baki kaɗan,
Wannan ki ajiye min, da shi zan ci nawa.