Musayar waƙa: wa ke riƙe da gida yanzu?

Ɗan Gujungu:
Salamu alaikum jama'a, yau abin ya ishe ni sai na rera, taubashiyata 'Yar Ringim na san kina nan kina leƙe to ki fito

Da in na yi gyaran murya a zaure,
duk mai magana a gidan sai ya daure,
yau na ce a dama kunu an ce in saurare,
wai ana waya da dillalin zoɓo, ni ko ina tsugune a takure.

'Yar Ringim:
Gyaran murya ba ya tuƙa tuwo, taubashi,
tun 2023 da aka cire tallafin mai kake yawon cin bashi,
takin da ka zuba wa gero da me aka saya? Kwasar adashi,
akuyar uwargida ka ja kasuwa ran Lahadi, kuɗin har yau ba ta gan shi.

Ɗan Gujungu:
Haba, rance ne fa!

Damina ta sauka wa ke huɗa, ba ni ba?
An gama girbi wa ke ci-rani a Legas, ba ni ba?
Sadaki da lefe wa ya biya, ba ni ba?

Inna Mai Ƙuli:
Kai yaro zauna, ni ban iya dannawa ba jikata ke rubuta min, amma waƙar tawa ce

Mun yi daka mun yi surfe ba mu ce uffan ba,
mun sai da ƙuli mun yi wa 'ya'ya gara ba a gode ba,
ci da sha wuyan miji yake, malamai ba su ɓoye ba,
abin mace nata ne, in ta ba ka kyauta ce, ba haraji ba.

Malamin Zaure:
Inna ta faɗi gaskiya, sai dai a yi ta da ladabi,
mai ciyarwa kar ta yi gori, mai karɓa kar ya yi zagi.

'Yar Ringim:
Allah gafarta Malam mun ji, saura ɗaya

Wanda ya hana 'yarsa boko jiya,
shi ke rantsuwa a asibiti sai mace ce za ta duba Hajiya.

Ɗan Gujungu:
Zan rama wallahi, ku jira ni zuwa la'asar, an ce in kawo wayar wai datar tata ce