"Anƙa'u ta tashi da shi": mece ce wannan tsuntsuwa?

Ɗan Misfala: Salamu alaikum. Wani da muke ɗinki tare a nan unguwar Misfala ta Makka ya ranci riyal 800 a hannuna kafin aikin Hajji, ya koma gida, layinsa a kashe. Da na ba tsohon Balaraben da muke haya a gidansa labari, sai ya yi dariya ya ce "ɗarat bihil anƙa'u", wato Anƙa'u ta tashi da shi. Na gane ba'a ce, amma wace ce Anƙa'un nan?

Malam na Hindawiyya: Wa alaikumus salam. Ɗana, sai haƙuri, cewa ya yi kuɗinka sun bi ruwa. Maidani, malamin Larabci wanda ya rasu a 518 Hijira, ya kawo karin maganar a littafinsa Majma'ul Amsal. Sunan tsuntsuwar daga "unuƙ" yake, wato wuya. Wasu sun ce don tsawon wuyanta, Khalil, masanin harshen Larabci, kuma ya ce farin zobe ne ya kewaye mata wuya kamar sarƙa. Labarin da aka rataya mata na mutanen Rassi ne, waɗanda aka ambata a Suratul Furƙan da Ƙaf. Wai tana sauka a wani dutse mai suna Damkhu tana cin tsuntsaye, ran da yunwa ta kama ta sai ta suri yaro, ta dawo ta suri yarinya. Aka kai kuka wurin annabinsu Hanzala ɗan Safwan, ya yi addu'a aka hallaka ta. A lura, Alƙur'ani mutanen kawai ya ambata, tsuntsuwar ta masu ba da labari ce.

Hajiya ta Jidda: Allah gafarta Malam, ni ba haka na san ta ba. Larabawa kan ce abu uku ba a samunsu: gul, wato dodon jeji, da Anƙa'u, da aboki mai cika alkawari. Ke nan abin da babu shi tun asali ake nufi. Riyal 800 ɗin yaron nan kuwa akwai su, a aljihun wani suke.

Malam na Hindawiyya: Hajiya, magana biyu ce kika haɗe. In aka ce abu "kamar Anƙa'u yake", to suna ne babu jiki. In aka ce "ta tashi da shi", ya taɓa kasancewa, amma a fid da rai. Cikakken sunanta ma Anƙa'u Mugrib, kuma nan ne gardamar ta fi zafi: ko don tana nisanta duk abin da ta sura, ko don mazauninta can mafaɗar rana, ko don ita kanta baƙuwar halitta ce. Harafi uku ne tushen, gainun da ra'un da ba'un, su suka haifi magariba, su suka haifi "garib", baƙo. Mu da muka zo daga yamma muke zaman baƙunta, sai ka ce da mu ake.

Ɗaliba a Madina: Malam, yara a nan sun san ta da wata fuska dabam. A fassarar zamani ita ake kira tsuntsuwar Girkawa mai ƙonewa ta sake fitowa daga tokarta, har ake cewa gari ya farfaɗo kamar Anƙa'u. Ka ga ma'anar ta juye: ta da ba ta dawowa, ta yanzu dawowa ce sana'arta.

Hajiya ta Jidda: To ɗana, ka riƙe ta yanzun, ko kuɗin za su fito daga toka. Mu a gida "ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata" za mu ce, ba sai an kira tsuntsu ba.

Ɗan Misfala: Hajiya, tasa Anƙa'un daga filin jirgin Jidda ta tashi, ni na raka shi da jakarsa a kaina.