Neman kalmar Hausa: kuɗin da ke bin yaro makaranta

1. Jama'a, ku taya ni neman suna. Turawa suna da wani tsari da suke kira voucher: gwamnati ta ware wa kowane yaro kuɗin karatunsa, iyaye su kai shi makarantar da suka ga dama, ta gwamnati ko ta kuɗi, kuɗin ya bi shi can. Masanin tattalin arzikin Amurka Milton Friedman ne ya fito da dabarar a 1955. A ganinsa, in makarantu suka koma rububin ɗalibai kamar 'yan kasuwa da masu saye, dole kowacce ta gyara, wadda ta ƙi a watse mata.

2. Baucha dai ta fita tun farko. Duk wanda ya yi aikin ofis, da ya ji baucha sai ya tuno akanta da takardar fitar da kuɗi. Tikiti kuma na mota ne da filin ƙwallo. Tallafi ya yi faɗi, har na taki da na man fetur sunansu ke nan.

3. Wani ya kawo "zaɓi sonka". Malam, na yi dariya, amma wannan na gaishe-gaishen rediyo ne. Kuma sunan ya riga ya yanke hukunci cewa kowa zai sami son nasa, alhali a nan rigimar take.

4. Ni na tsaya a kan guzurin karatu. Guzuri na matafiyi ne, inda ya nufa nan yake bin sa. A Chile, inda gwamnatin soja ta Pinochet ta fara tsarin a 1981, ana biyan makaranta ne gwargwadon yaran da suka halarci aji, yaro ya tashi kuɗinsa ya tashi. Suwidin ta bi sahu a 1992, birnin Milwaukee na Amurka kuwa tun 1990, amma shi 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ya ware wa.

5. Wata Hajiya ta ce guzuri ai na gida ne, uwa ke ɗaura wa ɗa, ba hukuma ba. Gaskiyarki Hajiya, nan kalmar ta ɗan yi ɗingishi. Amma ina son ta don wani abu: guzuri ba ya nuna hanya. A ba mutum biyu guzuri iri ɗaya, wanda ya san gari shi zai riga isa. Abin da masana zamantakewa suka daɗe suna faɗi ke nan. Bayan dokar ilimi ta 1988 a Ingila, masanin zamantakewa Stephen Ball da abokan aikinsa sun bi iyaye a Landan, suka tarar masu ilimi da mota da sanayya su ke iya tankaɗe da rairaya, su karanta sakamakon jarrabawa, su san wa za a tambaya. Wanda bai da waɗannan, ko dai ya kai ɗansa ta kusa da gida, ko ya yi zaɓen tumun dare. Chile ma da farko kuɗin goro ta yi, ɗan talaka da ɗan mai hali duk ɗaya, sai a 2008 aka ƙara wa na talaka nauyi.

6. Ɗaya kalmar da ke tafiya tare da voucher, wato school choice, ba ta ba ni wuya ba, Hausa ce ma ta yi mini aikin: zaɓin makaranta. Ku sake karantawa. Iyaye ne suka zaɓi makaranta, ko makaranta ce ta yi zaɓinta? Duka biyun suna ciki, kuma duka biyun sun faru. Makarantar da ake rububinta ita ke tace yara, ta kwashe masu ƙoƙari, ta bar wa maƙwabciyarta sauran, sannan ta yi tinƙaho da sakamako. A Chile daga 1993 har ƙarin kuɗi aka yarda su karɓa daga iyaye a kan na gwamnati. Sai da ɗalibai suka cika tituna a 2006 da 2011, kafin dokar 2015 ta zamanin shugabar ƙasa Michelle Bachelet ta hana makarantun da ke cin kuɗin gwamnati tace yara, da neman riba, ta kuma sa a janye ƙarin kuɗin a hankali.

7. Wani ya ce a rubuta "zaɓin iyaye" don a kauce wa harshen damo. Ni a bar mini harshen damon. Saura kalmar wannan tacewar da makarantu ke yi; mutanen ruga, me kuke kiran man da ake yaɗewa a saman nono?