Wa ya taɓa zuwa Kancipuram sayen alharini?

Ƴar Bagalam:
Salamu alaikum ƴan uwa. Mun kawo Baba Cennai ta ƙasar Indiya aikin gwiwa, likita ya ce sai mun ƙara sati biyu. Ƙanena zai yi aure bayan Sallah, haɗa lefen kuma a wuyana yake. An ce mini Kancipuram ce gidan alharini. Ana zuwa a dawo a yini? Kuma yaya zan gane na gaske?

Hajiyar Zariya:
Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya ba Baba lafiya. Kilomita 75 ne wajen haka, kamar Maradi zuwa Katsina da ɗan ragi. Ki yi sammako. Amma kar ki bar mai adaidaita ya zaɓa miki shago, la'adarsa a cikin kuɗinki take. Ni haka aka yi mini, sai da na dawo gida na ƙona zare ɗaya ya narke ya dunƙule kamar leda. Na gaske ƙaurin gashi yake yi, tokar ta murmushe a yatsa. Ki nemi shagunan ƙungiyoyin masaƙa, ki duba tambarin Silk Mark, shaidar alharini na gaske. Sannan ki juya bayan zanen: a saƙar hannu ta asali, bakin da jikin zare daban-daban ne aka sarƙe, za ki ga mahaɗar kamar haƙoran zarto.

Tela na Babbar Kasuwa:
Hajiya ta gama magana. Ƙarina ɗaya: sari guda, wato zanen nan na matan Indiya, yadi shida ne da ɗoriya, riga da zane za su fita, kallabin ne sai an yi dabara. Ki lura da ado kuma, da yawa akwai ɗawisu da giwa a baki, wata amaryar ba ta salla da shi.

Ɗan Ali Ɗan Sofo:
Yaya, kar kasuwa ta hana ki kallo. Ɗakin bautar Kailasanata tun ƙarni na 8 yake tsaye, sarakunan Pallawa suka gina shi da dutse. Hasumiyar ɗakin bautar Ekambareswara kuwa ta haura mita 55, ta 1509 ce. Ana tuɓe takalmi, can ƙuryar kuma ta mabiya Hindu ce kawai. Da tsakar rana suna rufewa sai wajen ƙarfe huɗu, daɓen ma ba ya takuwa, ni da gudu na nemi inuwa.

Ƴar Bagalam:
Na gode ƙwarai. To kallo da safe, shago da azahar. Malam tela, zan kawo biyu, ka ajiye mini layi.