Sabar Ajiya: A Sa Ta Cikin Domen ko A Bar Ta Waje?

'Yan uwa na Garwa, Marwa da Njamena, ga abin da na tsinto daga doguwar tattaunawarmu kan sabar ajiya, wato kwamfutar da ke riƙe kwafin bayanai don a maido da su idan sun ɓace: a sa ta cikin domen (tsarin da ke kula da asusu da kwamfutocin ofis daga wuri guda) ko a bar ta waje?

1. Yawancinmu sun ce a bar ta waje. Idan masu garkuwa da bayanai suka samu kalmar sirrin admin (babban mai kula) na Active Directory, wato tsarin Microsoft mai tafiyar da domen, ajiyar suke fara gogewa kafin su kulle sauran kwamfutoci. Sannan ranar da sabar domen ta mutu, da wace kalmar sirri za ka shiga sabar ajiya ka maido da ta domen? Ni wannan hujjar ce ta fi kama ni.

2. Masu cewa a sa ta sun kawo sauƙin sabuntawa da kula da asusu daga wuri guda.

3. Tsaka-tsaki: babban ofis ya yi mata domen na daban, ƙarami ya ba ta asusun gida (wanda ke kan sabar kawai, ba na domen ba) da kalmar sirri tata ita kaɗai.

4. Babu saɓani kan ƙa'idar 3-2-1: kwafi 3, a kan nau'in ma'aji 2, 1 a wani gini. Faifai ɗaya a cire shi a kulle a durowa.

5. A riƙa gwada maidowa, musamman bayan an ɗauke wuta.